Zauren Kwamfuta: Tambayoyinku kan Linux, LibreOffice da Halin Masu Yin Su

Tun da kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, wasiƙun da ke shigo wa wannan fili suka karkata kan buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda lasisinsu ya yarda kowa ya yi aiki da su, ya duba yadda aka rubuta su, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu, da kwamfutoci shida, duk tsofaffin HP da Dell na hannu. Babu wadda ta karɓi Windows 11. Ɗan yayana ya ce in share komai in sa Linux, wai kyauta ne kuma ba ya kama bairos. In bi shawararsa?
*Mai shagon buga takardu, Zariya*

Wa alaikumus salam, Alhaji. Rabin shawarar yaron daidai ce, amma kada ka share komai tukuna.

Abin da ya hana kwamfutocinka karɓar Windows 11 shi ne tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Linux Mint 22 kuwa, wanda wani nau'in Linux ne, RAM 2GB da fili 20GB kawai yake nema, ko da yake sai da 4GB ake jin daɗinsa, kuma za a ci gaba da aiko masa gyaran tsaro har 2029. Ta fuskar inji ke nan yaron ya yi gaskiya. Sai dai abincinka ba a cikin kwamfutar yake ba, yana ga firinta da sikana da fayilolin da kwastomomi ke kawowa a filash, kuma a nan ne masu sauya sheƙa suka fi yin tuntuɓe.

Fara da sauya ƙananan manhajoji kana kan Windows ɗinka. LibreOffice da Firefox da VLC duk suna aiki a kan Windows. Ka sa wa yaran shago su, su yi wata guda suna buga wasiƙu da takardun makaranta da su. Haka jandarmomin Faransa suka yi: a 2005 suka koma OpenOffice, a 2006 suka ɗauki Firefox da Thunderbird, sai a 2008 suka fara sauya babbar manhajar zuwa Ubuntu, wani nau'in Linux. Ranar da aka sauya wa jami'i kwamfuta, abubuwan da yake taɓawa kullum ya riga ya saba da su. Yau dubban kwamfutocinsu a kan Linux suke. Birnin Munich na Jamus kuma ya yanke shawarar komawa Linux a 2003, ya kammala da kwamfutoci kusan 15,000 a 2013, sannan a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Har yanzu ana gardama kan dalili. Wasu na nuna sauyin shugabanci da kuma ƙaurar hedikwatar Microsoft ta Jamus zuwa cikin birnin a 2016, wasu na nuna koken ma'aikata kan musayar takardu da ofisoshin da ke kan Word da manhajojin aiki da ba sa tashi sai a Windows. Koken nan na biyu shi ne ya shafe ka.

Bayan watan, ka gwada Linux ba tare da ka ɗora shi ba. Sami filash 8GB, ka sauke fayil ɗin Linux Mint daga shafinsu na asali. Ya kusa 3GB, don haka datar dare ta fi sauƙi. Ka gwada lambar SHA256 ta fayil ɗin, wato lambar da ke nuna ya sauka cikakke, da wadda suka wallafa, domin fayil da intanet ta yanke masa a hanya yakan tashi lafiya ya tsaya cak a tsakiyar ɗorawa. Rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher, ka kunna kwamfuta kana danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce, ka zaɓi filash. Tsarin zai tashi daga filash ɗin, ba zai taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Nan za ka jona kowace firinta da sikana, ka buga shafi, ka buga gaba da baya, ka ɗauki hoton takarda.

Firintoci hali-hali ne. Sababbi masu shiga Wi-Fi, musamman masu alamar AirPrint a kwali, yawanci ba sa neman direba ko kaɗan. Yawancin na HP suna tafiya da HPLIP, direban HP na Linux. Amma HP LaserJet 1018 da 1020, waɗanda suka cika shagunanmu, ba su da cikakkiyar manhaja a cikinsu, sai kwamfuta ta tura musu duk lokacin da aka kunna su, saboda haka sai an sauke wani ƙarin fayil kafin su motsa. In ba a yi ba, kwamfuta za ta ce ta aika aiki, firinta kuma ta yi shiru. Canon LBP2900 ta fi su taurin kai, domin direbanta na CAPT tsoho ne, sai wanda ya san hannunsa. In irinta ce jarinka, bar ta a kan Windows.

In gwaji ya yi kyau, ɗora a kwamfuta ɗaya tak, bayan ka kwashe fayiloli zuwa wani wuri. Wanda zai haɗa Windows da Linux a inji ɗaya ya kashe Fast Startup a Windows, in ba haka ba Linux zai ga ɓangaren Windows a kulle, ya hana rubutu a ciki. In BitLocker, makullin ɓoye bayanai na Windows, na kunne, a adana lambar buɗe shi tun kafin a fara. Za ka kuma ga agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya duk lokacin da ka fito daga Linux, saboda Linux yana ajiye agogon inji a kan lokacin duniya, Najeriya kuma tana gabansa da awa guda. Umarnin timedatectl set-local-rtc 1 yana gyara wannan, in an rubuta shi a tasha, wato Terminal, tagar rubuta umarni. Kada a yi sabuntawa sai da UPS ko cikakken caji. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar yi, a rubuta sudo dpkg --configure -a, a bi shi da sudo apt -f install. A kuma kunna Timeshift tun ranar farko, shi ne ke mayar da tsarin yadda yake jiya in yau ya lalace.

Batun bairos kuwa, wanda ke ɓoye wa ɗalibai fayiloli a filash ya bar musu gajerun hanyoyi na bogi ba ya tashi a Linux. Za ka ga fayilolin a fili, ka kwashe su, ka goge shara. Amma in ba ka goge ba, filash ɗin zai kai cutar kwamfuta ta gaba. Mu dai shawararmu, ka bar inji ɗaya ko biyu a kan Windows saboda CorelDRAW da manhajojin ɗaukar hoton yatsa, waɗanda galibinsu don Windows aka yi su.

An sa mana LibreOffice a ofis. Duk takardar da aka turo mini daga Word sai ta watse: shafi biyu ya zama uku, sa hannun shugaba ya sauka shafi na gaba shi kaɗai. Ni ake ɗora wa laifi.
*Sakatariyar wata makaranta, Katsina*

Malama, ba laifinki ba ne, kuma sau da yawa ba na LibreOffice ba ne. Salon harafi ne. Tun daga Office 2007 Word yake fara rubutu da Calibri, wanda mallakar Microsoft ne, ba ya zuwa da Linux. In LibreOffice bai same shi ba sai ya ɗauko wani mai faɗi daban, kowane layi ya ɗan ƙara tsawo, kafin ƙarshen shafi an samu rarar layi uku ko huɗu, sa hannu ya tsallaka. Maganin shi ne Carlito da Caladea, waɗanda aka auna faɗin kowane harafinsu daidai da na Calibri da Cambria. A Mint ko Ubuntu ki rubuta sudo apt install fonts-crosextra-carlito fonts-crosextra-caladea, ki rufe LibreOffice ki sake buɗewa. Arial da Times New Roman suna da nasu tagwayen, wato Liberation, kuma yawanci suna nan tun farko. Sabon Word ya koma wani salo mai suna Aptos, wanda waɗannan ba su maye gurbinsa ba. In da shi aka turo, ki zaɓi rubutun duka ki mayar da shi Carlito, ki duba shafukan da ido.

Abu na biyu girman takarda. Kwamfutoci da yawa suna kan Letter ta Amurka, mai tsawon santimita 27.94, alhali A4 da ke cikin firintarki 29.7 ce. Na uku kuma hannun wanda ya buga takardar: wanda ya jera suna da kwanan wata ta hanyar danna sarari sau talatin, ko ya tura rubutu shafi na gaba da Enter goma sha biyar, takardarsa za ta watse ko a wata kwamfutar mai Word ce. Danna Ctrl da F10 zai nuna miki waɗannan ɓoyayyun alamomi.

Takardar da za a karanta kawai, ki tura ta a PDF, ki kuma roƙi a riƙa turo miki haka. Wadda za a gyara, ki yi aikinki a odt, sai a ƙarshe ki fitar da docx. Ajiye fayil ɗaya a docx ana buɗe shi yau a Word gobe a LibreOffice, shi ke tara ɓarna kaɗan-kaɗan. Abin da ba mu da magani a kansa shi ne jadawalin Excel mai ɗauke da macro masu yawa, irin na haɗa sakamakon jarrabawa: wasu za su yi aiki, wasu sai an sake rubuta su. In kuma fuskar ce ta yi miki baƙunta, shiga View, sai User Interface, ki zaɓi Tabbed, za ta yi kama da wadda kika saba.

Na sa Kali Linux, Wi-Fi ya ƙi aiki. Na yi tambaya a wani dandalin masu Linux, ɗaya ya ce in je in karanta jagora, wani ya ce in ban iya wannan ba in koma Windows, aka rufe tambayar. Me ya sa mutanen nan suke da girman kai haka? Su ne fa ke kiran mutane su zo.
*Ɗalibin jami'a, Kano*

Abin da aka yi maka bai kyautu ba, ɗan'uwa, kuma tsohon ciwo ne da su kansu suka san da shi. A 2017 GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya yi bincike a kan mutum kusan 5,500 masu hulɗa da buɗaɗɗun manhajoji. Kashi 18 cikin 100 suka ce an taɓa yi musu rashin mutunci kai tsaye, rabi suka ce sun ga an yi wa wani, kashi 21 na waɗanda abin ya shafa ko suka gani suka ce sun bar wani aiki saboda haka. A binciken dai, kashi 93 sun koka cewa jagororin ba su cika ba ko sun tsufa, kashi 60 na masu ba da gudummawa kuma suka ce da wuya su taɓa rubuta jagora. Ka ga wanda ya kore ka zuwa jagora, mai yiwuwa bai san ko amsar na ciki ba. Shi kansa Linus Torvalds, wanda ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ya yi suna wajen zagin abokan aiki a wasiƙu, har a Satumbar 2018 ya fito ya nemi afuwa, ya ɗauki hutu, aka kuma kafa wa aikin sabuwar dokar ladabi.

Amma kai ma ka shiga ta ƙofar da ba taka ba. Kali an yi shi ne don masu gwajin tsaron na'urori, kuma masu shi sun rubuta a fili cewa ba sa ba wanda bai saba da Linux ba shawarar ya fara da shi. Haka jama'ar Arch, wani nau'in Linux: al'adarsu ita ce ka karanta, ka gwada, sannan ka tambaya, ba sa kuma amsa tambayar wanda ke kan wani tsarin da aka gina a kan nasu. Dandalin Mint da na Ubuntu suna da sashen sababbin shiga, inda tambaya irin taka take abincin yau da gobe. Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya kafa a 2004, yana cikin na farko-farko da suka rubuta wa jama'arsu dokar ladabi, kuma ana ganin bambancin har yau.

Akwai kuma ɓangaren da sabon shiga ba ya gani. Mafi yawan masu amsa tambaya babu mai biyan su. Aikin gayya ne, wanda ya zo maka gayya kuwa ba ka tsaya masa a ka kana cewa kunyarsa ba ta miƙe ba. Mutum ya tashi daga aikin ofis, ya tarar da tambaya hamsin, talatin daga ciki “ba ya aiki, a taimaka da gaggawa” ne kawai, ba sunan kwamfuta, ba saƙon kuskure. Wannan ba hujjar wulaƙanci ba ce, amma daga nan gajen haƙurin yake fitowa. Matsin da masu amfani ke yi wa masu kula da manhaja ya taɓa kusan jawo babbar masifa. XZ Utils wata ƙaramar manhajar matse fayil ce da ke cikin kusan kowane Linux, mutum ɗaya, Lasse Collin, yake riƙe da ita shekara da shekaru a matsayin aikin sa kai. A 2022 wasu asusu suka dame shi da ƙorafin cewa aiki ba ya sauri, ya miƙa wa wani. Ya amsa cewa ƙarfinsa ya ragu, ga rashin lafiya. A hankali wani mai amfani da sunan Jia Tan, wanda ya daɗe yana taimakawa, ya samu ikon fitar da sabon zubi, ya dasa ƙofar baya a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wani injiniya, Andres Freund, shi ya bankaɗo abin a ranar 29 ga Maris, 2024, bayan ya lura shiga wata na'ura daga nesa ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa.

Ga yadda ake tambayar da ke samun amsa. Kan tambayar ya faɗi matsalar da injin, misali “Wi-Fi ba ya fitowa a HP EliteBook, Linux Mint 22”. Buɗe tasha ka rubuta inxi -Fxz, ka kwafe abin da ya fito ka liƙa. Harafin z ɗin nan shi ke ɓoye lambobin sirrin na'urarka. Ƙara da sakamakon lspci -nnk da rfkill list. Ka liƙa rubutu, kada ka ɗauki allo hoto da waya, domin ba a iya kwafe saƙon kuskure daga hoto. Faɗi abin da ka yi, abin da ka zata, da abin da ya faru. In Turancinka bai nuna ba, ka faɗa a layi ɗaya, ka yi gajerun jimloli, mutane da yawa a can ma ba harshensu ba ne. In an warware, ka dawo ka rubuta abin da ya yi aiki. Wanda ya zage ka kuma kada ka tanka masa, akwai maɓallin kai ƙara ga masu kula da dandali.

Matsalar taka ma muna iya hasashenta. In rfkill ya nuna Hard blocked: yes, maɓallin Wi-Fi na jikin kwamfutar ne a kashe. In lspci ya nuna Broadcom, direba ne babu, saboda lasisinsa bai bari a haɗa shi cikin tsarin kai tsaye ba. Sa Mint, jona wayarka da kebul ka kunna USB tethering don samun intanet, buɗe Driver Manager, zaɓi na Broadcom, ka sake kunna kwamfuta. In kana son jama'a na kusa, akwai Open Source Community Africa da aka kafa a Najeriya a 2018, tana da rassa a garuruwa da dama.

Sana'ata zanen kalanda, katin biki da fosta. Na gwada GIMP da Inkscape don in huta da CorelDRAW na sata, amma komai a murɗe yake. Shekara nawa suna yi, sun kasa gyara fuskar abin?
*Mai zane, Kaduna*

Tambayarka tana da tushe. GIMP ya faro tun 1995 a hannun ɗalibai biyu a Berkeley, amma gyaran hoto ba tare da lalata na asali ba, wanda masu Photoshop suka daɗe da sabawa da shi, sai a zubi na 3.0 ya iso, a Maris 2025, shekara bakwai bayan 2.10. Dalilin ba rashin basira ba ne. Mai aikin sa kai yana rubuta abin da shi yake buƙata, shi kuma ya riga ya san inda komai yake, ba ya ganin murɗewar. Zaunar da baƙo a gaban manhaja ana kallon inda yake ruɗewa aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, kamfanoni ke da ma'aikatansa. Sannan duk maɓallin da aka ce za a matsar, akwai tsohon mai amfani da zai tayar da jijiyar wuya. Da GNOME 3, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ya fito da sabon salo a 2011, rigimar da ta biyo baya ita ta haifi MATE da Cinnamon, wanda Mint ke amfani da shi yau.

Inda aka samu kuɗi da shugabanci mai yanke hukunci, abin yana gyaruwa. Blender, manhajar zane mai motsi, ta shekara da shekaru ana zaɓar abu a cikinta da maɓallin dama na linzami, saɓanin kowace manhaja, masu ita suna kare hakan. A zubi na 2.80, cikin Yulin 2019, suka sake fuskar gaba ɗaya, suka koma maɓallin hagu. A wannan watan na Yuli kamfanin Epic Games ya ba su dala miliyan 1.2, Ubisoft ma ya shiga sahun masu tallafa musu. A 2025 wani fim ɗin Latbiya da aka yi da Blender ya ci kyautar Oscar.

A aikace, Inkscape yana buɗe fayil ɗin cdr, amma PowerClip da inuwa da salon harafi sukan rikice. Ka roƙi mai turowa ya mayar da rubutu zane, ya fitar da PDF. Babbar matsalar ita ce launi: Inkscape a RGB yake aiki, wato launin allo, injin buga kalanda kuwa CMYK yake so, wato tawada huɗu da K ke nufin baƙa a cikinsu. Baƙin rubutun da ya fita a RGB, wurin rarraba launi sai ya zama haɗin tawada huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, ƙananan haruffa su yi inuwa. Hanyar ita ce ka zana a Inkscape, ka kammala shafin a Scribus, manhajar tsara shafin bugu, ka sa baƙin rubutu a K 100 kawai, ka bar rarar milimita 3 a gefuna don yanka, hotuna a 300 dpi, ka fitar da PDF/X. Krita ma tana aiki da CMYK kai tsaye. Kafin babban aiki, a buga maka gwaji ɗaya. In kuwa kullum cdr kake karɓa kana mayarwa ga masu injin da ba su san wani abu ba sai shi, to lasisin Corel na halal ya fi maka sauƙi, kada wani mai wa'azin Linux ya sa ka ji kunyar hakan.

Shugabanmu ya ce manhajar da kowa ke iya ganin cikinta ba ta da tsaro, ba za a sa bayanan marasa lafiya a ciki ba. Haka ne?
*Jami'ar adana bayanai a wani asibiti, Gusau*

Hajiya, rubutun manhajar ne a buɗe, ba bayanan da aka zuba mata ba. DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman lafiya na Najeriya da ita, buɗaɗɗiya ce, Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ta. Haka ODK da ma'aikatan rigakafi ke cike fom da ita a waya. Sai dai buɗewar dama ce ta a duba, ba tabbacin an duba ba. Kuskuren Heartbleed ya zauna cikin OpenSSL, manhajar ɓoye bayanai a intanet, kusan shekara biyu kafin a gano shi a Afrilun 2014, lokacin da gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba, alhali babban ɓangaren intanet a kansa ya dogara. Tambayoyin da ya kamata shugabanku ya yi su ne: yaushe aka fitar da zubi na ƙarshe, wa zai riƙa sa gyaran tsaro, ina ake ajiye kwafin bayanai, kuma wa za a kira ranar da abin ya tsaya. Lasisin waɗannan manhajoji ya faɗa ƙarara cewa babu garanti, don haka a ware kuɗin kwangilar mai kula tun a kasafin farko.

Ina koyar da Hausa. Yaya zan rubuta ƙ, ɗ, ɓ da ƴ a Linux? Allon madannaina na Faransanci ne. Kuma ni da ban iya rubuta manhaja ba, akwai abin da zan iya taimakawa da shi?
*Malamin makaranta, Damagaram*

Malam, hanya uku ce. Ta gaggawa: a LibreOffice ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. Lambar ɗ ita ce 0257, ta ɓ 0253, ta ƴ 01B4. Manyansu kuma 0198, 018A, 0181 da 01B3. Kada ka bar U+ ɗin, domin a kalma irin “baƙo” manhajar za ta ɗauki b da a a matsayin ɓangaren lambar. Ta biyu, a saitin Keyboard, sashen Layouts, akwai tsarin Hausa na Najeriya da na Gana a shirye. Amma an gina su a kan jerin QWERTY, a allonka na AZERTY haruffa za su sauya wuri.

Ta uku ta fi dacewa da kai. A wancan saitin ka naɗa Ctrl na dama ya zama maɓallin Compose. Kada ka zaɓi Alt na dama, da shi kake fitar da @ a allon Faransanci. Sai ka buɗe fayil mai suna .XCompose a babbar jakarka, wato Home, layin farko ka rubuta include "%L", na biyu <Multi_key> <k> <k> : "ƙ", ka yi wa d da b da y irin haka. Fita daga asusunka ka sake shiga. Daga nan Ctrl na dama da k sau biyu zai ba ka ƙ. In harafin ya fito a akwati ko ya bambanta da 'yan'uwansa, salon harafin ne ba shi da shi. DejaVu, Noto Sans, Charis da Andika duk suna da su, Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi, ya dace da takardun 'yan firamare.

Taimako kuwa, irin naka ake nema. Common Voice na Mozilla, wanda aka fara a 2017, yana tattara muryoyi don koya wa na'ura jin magana, kuma akwai Hausa a ciki: kana karanta jimla, ko ka saurari ta wani ka tabbatar ya karanta daidai. Karin harshen Damagaram da na Sakkwato da muryoyin mata duk suna da amfani a wurin, don kada na'ura ta tashi da jin Kananci kaɗai. Fassarar LibreOffice kuma a Weblate ake yin ta, daga burauza, jimla bayan jimla. Kafin ka fara, ka duba abin da na gabanka suka riga suka fassara, ku daidaita kalmomin da ke maimaituwa, kada wuri ɗaya ya ce “ajiye”, wani ya ce “adana”, na uku ya ce “tanada”, duk a kan maɓalli ɗaya. Fara da manyan jerin umarni na sama da akwatin buga takarda, su ne ɗalibi ke fara cin karo da su.